Yadda Ake Saita Burauza Kafin a Buga Shafin Intanet a Takarda

Buga shafin intanet a takarda ya zama buƙatar kowane gida a yau, har gidan da ba a taɓa ajiye kwamfuta ba. A Jamhuriyar Benin, takardu da dama waɗanda a da sai mutum ya je ofis ya bi layi, yanzu ta intanet ake neman su. Akwai takardar haihuwa da takardar shaidar mutum da hukumar ANIP ke bayarwa, akwai takardun da ake nema ta service-public.bj, ga kuma sakamakon jarrabawar CEP da BEPC da BAC da ake dubawa a eresultats.bj. Ɗaliban da ke karatu a Najeriya kuwa sun san takardar JAMB da sakamakon WAEC. Kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya su ma suna buga jadawalin salla, da darussa, da sanarwa.

Ga mutumin Tumbutu, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanbil tare da Garu da Gene da Madekali da Malanbil ɗin kanta, takardar da ta fito ba daidai ba asara biyu ce. Ya biya kuɗin bugu, ya biya kuɗin babur, kuma sau da yawa ba ya gane kuskuren sai ya miƙa takardar an ce masa ƙasanta ya yanke, ya koma ya sake. Galibin irin wannan asara tana faruwa ne saboda an danna maɓallin bugawa ba tare da an dubi samfurin da burauza ta nuna ba. A nan za mu bi saitin ɗaya bayan ɗaya, mu faɗi aikin kowanne da lokacin da ya kamata a taɓa shi.

Dalilin da ya sa takarda ke saɓa wa fuskar kwamfuta

Burauza ita ce manhajar da muke buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome da Firefox da Edge da Safari. Shafin intanet ba shi da tsayayyen faɗi ko tsawo. A waya yakan tsuke, a kwamfuta ya buɗe, kuma ana iya ta jan sa ƙasa ba iyaka. Takarda kuwa tana da iyaka ta kowane gefe. Saboda haka idan aka ce a buga, sai burauza ta sake jera rubutun daga farko don ya shiga faɗin takarda, sa'an nan ta yayyanka shi shafi-shafi. Ba ta san inda tebur ya ƙare ko inda hatimi yake ba, duk inda takarda ta cika nan take yankawa.

Tun shekarar 1998 ƙa'idar tsara shafuka da ake kira CSS ta ba masu gina shafi damar su yi masa siffa ta biyu ta musamman don takarda, wadda ke ɓoye talla da maɓallai. Wasu sun yi hakan, wasu da yawa ba su damu ba. Shi ya sa wani shafin yake fitowa tsaf a falle ɗaya, wani kuma ya ci falle tara, bakwai daga ciki talla ne da sharhin masu karatu.

Inda saitin yake

A kwamfuta mai Windows ana riƙe maɓallin Ctrl a danna P. A kwamfutar Apple kuwa Cmd da P. Harafin P yana wuri ɗaya a madannan Faransanci da na Turanci, saboda haka ba a ruɗewa. Taga za ta buɗe mai ɓangare biyu: gefe guda samfurin takardar kamar yadda za ta fito, ɗaya gefen kuma jerin saiti. A Chrome ana rubuta adadin fallen da aikin zai ci a saman jerin. Wannan lambar ita ce abu na farko da ya kamata ido ya faɗa a kai, domin ita ce kuɗin da za a biya.

Rabin saitin a ɓoye yake. Sai an danna inda aka rubuta Plus de paramètres a kwamfutar da ke Faransanci, ko More settings a ta Turanci, sa'an nan girman takarda da gefe da ma'auni za su bayyana. A Chrome da Edge, haɗa Ctrl da Shift da P yana buɗe tagar firintar kanta, inda ake samun ƙarin zaɓi kamar rage tawada. A Firefox kada a yi wannan haɗin da niyyar bugawa, domin sabuwar tagar sirri yake buɗewa.

A wayar Android, cikin Chrome, ana taɓa ɗigo ukun da ke sama, a zaɓi rabawa, sa'an nan a zaɓi bugawa. Saitin waya bai kai na kwamfuta yawa ba, amma akwai girman takarda, da tsaye ko kwance, da zaɓen shafuka.

Abin da ake yi kafin a buɗe tagar bugawa

Da farko a ja shafin har ƙarshensa a hankali. Shafuka da yawa ba sa ɗauko hoto sai an iso kansa, don su rage cin data. Idan ba a ja ba, wurin hoton zai fito fari fat. Na biyu, a rufe duk wata sanarwa da ta taso ta rufe rubutu, domin takan fito a kan takarda ta danne layuka. Na uku, idan akwai sassan da aka naɗe sai an taɓa suke buɗewa, a buɗe waɗanda ake so. Na huɗu, a duba ko shafin yana da maɓallinsa na bugawa ko na sauke PDF. Idan akwai, shi ya fi, musamman a takardun hukuma, domin an riga an tsara su a kan girman takarda.

Idan rubutu kaɗai ake so, kamar darasi ko labari, Firefox da Edge suna da yanayin karatu da ake buɗewa da maɓallin F9 a Windows. Yana share talla da jerin gefe ya bar kan magana da rubutu da hotunan ciki. Bugawa daga nan tana rage falle sosai. Idan kuma sakin layi biyu ko uku kawai ake buƙata, a ja linzami a kansu su yi launi, sa'an nan a buɗe tagar bugawa a zaɓi buga abin da aka zaɓa kaɗai.

Girman takarda

Wannan shi ne saitin da ya fi ɓata takardun hukuma. Takardar da ake sayarwa a Malanbil da Gaya da Kandi da Kano, kusan duk A4 ce, mai faɗin milimita 210 da tsawon milimita 297. Asalin wannan ma'auni daga Jamus ne, a shekarar 1922, daga baya ya zama ƙa'idar duniya ta ISO 216 a 1975. Amurka da Kanada ba su bi ba. Takardarsu, wadda a saiti ake rubuta Letter ko Lettre, faɗinta kusan milimita 216 ne, tsawonta kusan 279. Wato ta fi A4 faɗi da milimita 6, amma A4 ta fi ta tsawo da kusan milimita 18.

Yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu na hannu ne da aka shigo da su daga waje, kuma wadda aka saita a kan yankin Amurka takan zaɓi Letter da kanta. Idan takardar da aka tsara a kan A4 ta bi ta wannan saitin, abu ɗaya cikin biyu zai faru. Ko dai a tsuke ta zuwa kashi 94 cikin 100, ko kuma layukan ƙarshe su yanke ko su faɗa falle na biyu. Milimita 18 ba su da yawa a ido, amma a ƙasan takarda ne ake yawan sa hannu da hatimi da lambar QR, wato ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo da jami'i ke haskawa da waya don ya tabbatar takardar ta gaske ce. Idan gefensa ya gutsure, waya na iya kasa karanta shi. Don haka kullum a tabbata an rubuta A4 kafin komai.

Yana da kyau a san danginta. A5 rabin A4 ce, milimita 148 da 210, ita ce girman ƙananan littattafan addu'a da na darasi. A3 kuwa ninki biyu ce, 297 da 420, ta dace da sanarwar da za a liƙa a bango, sai dai ba kowace firinta ke ɗaukar ta ba.

Zaɓen shafuka da yawan kwafi

Burauza takan zaɓi duka shafuka da kanta. A bi samfurin daga sama har ƙasa, a lura da lambar shafukan da ke da amfani, sa'an nan a rubuta su a gurbin. Idan aka rubuta 2-4, 7 za a buga na biyu da na uku da na huɗu da na bakwai kawai. Shafin ƙarshe shi ne ya fi zama asara, domin sau da yawa layi ɗaya ne a kansa ko tambarin kamfani.

A ɗauka, don misali, mai shago yana karɓar dala goma, wato sefa 50, a kowane falle. Darasin da ya ci falle tara alhali uku ne masu amfani ya jawo asarar sefa 300 a kwafi ɗaya. Idan malami ya buga wa ɗalibai 40, asarar ta zama sefa 12,000, da falle 240, kusan rabin rim guda mai falle 500. Game da kwafi kuwa ƙa'ida ɗaya ce: a buga guda ɗaya tak, a riƙe shi a hannu a karanta, sa'an nan a ba da umarnin sauran.

Tsaye ko kwance

Takarda a tsaye ta dace da wasiƙa da darasi da takardun hukuma. A kwance ta dace da tebur mai ginshiƙai da yawa, kamar sakamakon jarrabawa mai darussa goma ko jadawalin salla na wata. Alamar cewa ana buƙatar a kwantar da takarda ita ce a ga ginshiƙin ƙarshe na dama ya ɓace a samfuri, ko rabinsa ya yanke. A shafin Larabci kuwa gefen hagu ne yakan yanke, tunda daga dama rubutun ke farawa.

Filin gefe

Shi ne farin da ake bari a kewayen rubutu, ana rubuta shi Marges ko Margins. Chrome na ba da zaɓi huɗu: na asali, babu ko kaɗan, mafi ƙanƙanta, da wanda mutum zai ja da hannunsa. Mafi ƙanƙanta yakan taimaka idan layi biyu ko uku ne suka tsallaka falle na gaba. Amma a yi hattara da cire gefen gaba ɗaya. Yawancin firintoci ba sa iya sa tawada a milimita 4 zuwa 6 na bakin takarda, domin nan ne suke kama ta suna ja. Samfuri zai nuna rubutu cikakke, takarda kuma ta fito harafin farko na kowane layi ya ɓace. Idan za a ɗinke takardun ko a huda su, a bar kamar milimita 20 a gefen ɗinki: hagu ga boko, dama ga Larabci da ajami.

Ma'aunin girma

Wannan shi ke ƙara ko rage girman komai a shafi, rubutu da hoto baki ɗaya. Asalinsa 100 ne, kuma Chrome na karɓar daga 10 zuwa 200. Saukar da shi zuwa 90 ko 85 kan mayar da falle biyu ɗaya ba tare da ido ya wahala ba. Ƙasa da 70 kuwa rubutu ya fara gagarar dattawa da duk mai karatu da fitilar waya da dare. Sanarwar da za a liƙa a ƙofar masallaci gara a ɗaga ta zuwa 120 ko 130, don a karanta daga nesa. Takardar hukuma kuwa a bar ta a 100, ko a zaɓi daidaitawa da girman takarda idan PDF ce, kada a matse ta don tsimi.

Rubutun sama da na ƙasa

Idan aka kunna wannan zaɓi, wanda a Faransanci ake rubuta En-têtes et pieds de page, burauza za ta ƙara ƙananan rubutu huɗu a bakin takarda: kwanan wata, sunan shafin, adireshinsa na intanet, da lambar shafi. Ga ɗalibi mai bincike wannan alheri ne, domin ko bayan shekara zai san inda ya samo maganar da ranar da ya buga ta. Haka nan fatawa ko darasin da aka ɗauko daga intanet, barin adireshin a jiki amana ce, don mai karatu ya san daga bakin wa maganar ta fito. Amma a takardar haihuwa, da takardar neman aiki, da katin gayyata, a kashe shi. Yana ɓata tsari, yana cin fili, kuma wani lokaci adireshin na ɗauke da lambar da ta shafi mai takardar shi kaɗai.

Launi da bangon rubutu

Bugun launi ya fi baƙi da fari tsada nesa ba kusa ba, kuma a mafi yawan takardu ba a buƙatar sa. Sai dai a lura cewa ja da kore da shuɗi na iya komawa toka iri ɗaya idan aka buga baƙi da fari. Idan taswira ce ko tebur da launi ke bambance ma'ana, a dubi samfurin bayan an sauya, a ga ko har yanzu ana ganewa.

Akwai kuma zaɓin bangon rubutu, Graphiques d'arrière-plan. Burauza takan bar shi a kashe don tsimin tawada, kuma hakan daidai ne a yawancin lokaci. Shafi mai baƙin bango idan aka buga shi da wannan zaɓi a kunne, zai sha tawadar falle da yawa a falle ɗaya. Amma wasu takardun rajista da rasit suna sa tambari ko layukan tebur a matsayin bango. Idan samfuri ya nuna tebur babu layi, ko tambarin makaranta ya ɓace, a kunna shi a gani.

A nan ma yana da kyau a tambayi mai shago irin firintarsa. Mai tawadar ruwa rubutunta kan narke idan ruwa ko gumi ya taɓa shi. Mai leza kuwa da zafi take manna garin tawada a jikin takarda, ruwa ba ya wanke shi. A yankin da damina ke zuwa da ambaliyar kogin Kwara, kamar Malanbil da Karimama, takardar da za a ajiye shekaru gara a buga ta da leza, a sa ta a leda.

Shafi biyu a falle ɗaya, da gaba da baya

Hikimar ma'aunin A4 ita ce idan aka ninke ta biyu, siffarta ba ta sauyawa. Shi ya sa shafi biyu ke zama daidai a falle ɗaya, kowanne ya koma kashi 71 cikin 100 na girmansa. Shafi huɗu a falle ɗaya kuwa kowanne ya koma rabi. Biyu yana karantuwa ga matashi mai lafiyar ido, huɗu kuwa sai dai hotunan lacca masu manyan haruffa. Kada a yi wa rubutun Larabci mai wasali huɗu, domin wasulan za su cuɗe.

Bugun gaba da baya yana rage takarda da rabi. Idan firinta na juya takarda da kanta, a zaɓi juyawa ta dogon gefe ga takarda a tsaye, ta gajeren gefe ga wadda ke kwance, in ba haka ba bayan zai fito kai a ƙasa. Idan ba ta juyawa, a buga shafuka masu lambar mara, wato 1 da 3 da 5, a juya takardun da hannu, sa'an nan a buga 2 da 4 da 6. A fara gwadawa da falle biyu don a gane ta wace fuska firintar ke ɗauka. Takardar da aka saba saya mai nauyin giram 80 ce a kowace murabba'in mita, kuma tana ɗaukar gaba da baya. Wadda ta fi ta sirantaka rubutu kan leƙo ta baya.

Ajiyewa a PDF kafin a je shago

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace amfani ga wanda firinta ke nesa da shi. A wurin zaɓen firinta akwai zaɓin Enregistrer au format PDF, ko Save as PDF. Kamfanin Adobe ne ya fito da PDF a 1993, ya zama ƙa'idar ISO a 2008, kuma amfaninsa shi ne yana daskarar da shafi: girman takarda, da siffar haruffa, da inda kowane layi ya tsaya, duk ba sa motsi ko a wace na'ura aka buɗe. Mutum na iya zama a gida da wayarsa, ya saita A4, ya cire shafukan banza, ya ajiye, ya buɗe ya duba a natse. Idan ya isa shago ba ya buƙatar intanet, ba ya buƙatar shigar da kalmar sirrinsa a kwamfutar da kowa ke taɓawa, kuma ya san adadin fallen da zai biya tun kafin ya hau babur.

Idan za a tura wa mai shago ta WhatsApp, a tura PDF ɗin kansa a matsayin fayil. Kada a ɗauki hoton fuskar waya a tura. Hoton fuska ƙarami ne, WhatsApp kuma yakan ƙara matse hotuna, firinta mai leza kuwa tana zuba ɗigo 600 a kowane inci, saboda haka duk dusashewar hoton sai ta bayyana a takarda. Bayan an gama, a roƙi mai shago ya goge fayil ɗin daga kwamfutarsa da kwandon shararta, musamman idan akwai lambar shaida ko hoton mutum a ciki. Wanda kuma ya shiga asusunsa a can ya tabbata ya fita kafin ya tashi.

Larabci da haruffan Hausa masu lanƙwasa

Kowane rubutu na buƙatar kwamfuta ta mallaki siffar haruffansa. Idan babu, sai ta sa ɗan akwati ko alamar tambaya a madadin harafin. Wannan kan faru da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a tsofaffin kwamfutoci, ko kuma su fito da wata siffa dabam da ta sauran kalmar. A Larabci matsalar ta fi nauyi: haruffa na iya rarrabuwa, wasali ya kauce daga kan harafinsa, shadda ta ɓace, ko lambobi su juya wuri idan an gauraya Larabci da boko a layi ɗaya. Ɗigo ɗaya idan ya dushe saboda an kunna tsimin tawada, harafi ya zama wani. Saboda haka duk shafin da ke da aya ko hadisi, a ajiye shi a PDF a na'urar da ya fito daidai, a buga kwafi ɗaya, a ba wanda ya haddace ko mai mus'hafi a hannu ya duba, kafin a raba wa ɗalibai.

Akwai wani dalili kuma. Takardun da suka lalace a shago ba sa ɓacewa. Wasu a shara suke ƙarewa, wasu a hannun mai ƙosai ko mai gyaɗa. Wanda ya buga falle goma masu ɗauke da ayoyi alhali biyu yake so, ya bar takwas a inda bai san makomarsu ba. Duk fallen da ya lalace mai sunan Allah a jiki, mai shi ya karɓe shi ya tafi da shi, kada ya bar shi a kwandon shago.

Jadawalin salla: a duba sunan gari

Shafukan da ke lissafa lokutan salla kan zaɓi gari da kansu gwargwadon inda suke zaton mutum yake, kuma sukan yi kuskure. Mutanen Tumbutu ta Malanbil suna da haɗari na musamman, domin sunan garinsu ya yi kama da na Tumbutu ta ƙasar Mali, wadda ta fi shahara, kuma ita ce takan fara fitowa a bincike. Agogon Mali yana bayan na Benin da awa ɗaya, garin kuma yana yamma da nisa. Idan aka haɗa biyun, lokacin azahar da jadawalin can ke nunawa ya riga na Malanbil da kusan rabin awa a lissafin agogo. Jadawalin Kano ma, duk da agogonmu ɗaya, yana gaba da kimanin minti 20, domin kowane digiri ɗaya zuwa gabas minti huɗu ne, Kano kuwa tana gabas da kusan digiri biyar. Na Kwatano kusa yake a azahar, amma a magariba bambancin na iya wuce minti goma a wasu watanni, saboda tana kudu sosai. Wanda ya fi kusa shi ne na Malanbil ko na Gaya da ke tsallaken kogi.

Don haka kafin a buga, a tabbata sunan gari da wata da shekara sun fito a kan takardar kanta. Wasu shafukan sukan ɓoye wannan kan idan an zo bugawa, sai tebur tsirara. Idan haka ta faru, a kunna rubutun sama da na ƙasa, ko a rubuta da biro. Sa'an nan a kai wa liman da ladan su gwada da abin da suka sani na rana kafin a liƙa, musamman jadawalin azumi.

Idan firinta ta ƙi motsi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi ta danna bugawa. Kowace dannawa aiki ne da ke shiga layi yana jira. Idan wuta ta dawo ko aka gyara waya, firinta za ta fitar da su duka, kwafi biyar ko shida, kuma dole a biya. A danna sau ɗaya, idan shiru a buɗe layin jiran firinta a soke abin da ke ciki kafin a sake. Da hunturu ƙura kan sa takarda ta maƙale, da damina kuma laima kan sa falle biyu su manne su shiga tare. Kaɗa takardun da hannu kafin a zuba su yana rage wannan.

Jerin dubawa a taƙaice

1. An ja shafin har ƙasa, an rufe sanarwar da ta taso?
2. Girman takarda A4 ne?
3. Falle nawa aka nuna, kuma duk ana buƙatar su?
4. Gefen dama da na ƙasa sun fito cikakku, har da hatimi da lambar QR?
5. Rubutun sama da na ƙasa ya dace da irin wannan takardar?
6. Larabci da haruffa masu lanƙwasa sun fito daidai?
7. An buga kwafi ɗaya an duba kafin sauran?

Duba waɗannan bakwai ba ya cin minti biyu, kuma Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa. Muna ba kwamitocin masallatai da shugabannin makarantu shawara su zaɓi ɗalibi ɗaya ko biyu su koyi wannan aiki da kyau, su riƙa shirya wa dattawa da mata da marasa karatun boko takardunsu a PDF kafin a tafi shago. Allah ya sa mu dace, ya sanya albarka a cikin abin da muke kashewa.